Sunan Matar Tombozafy

Shekara talatin da huɗu yayana Tombozafy ya yi yana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar man kanumfari, kuma ko sau ɗaya tukunyar ba ta taɓa zama tasa ba. Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan uwarmu, shi ne babba, ni Kalovelo na biyo shi da shekara biyar. Ƙofar gidana tana kallon tasa, magudanar ruwa ce kawai a tsakaninmu, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. Yana nan da ransa. Ya bar aikin wuta, kwanduna yake saƙawa a bakin ƙofa.

Ba mutum ne da za a waiwaya a sake kallo ba. Gajere ne, da faffaɗan ƙafafu irin na duk wanda ya tashi yana hawan tudu cikin laka. Hannuwansa ne suka fita daban. Mai ya ci fatar tafin har ta yi tauri, yana iya ɗaukar garwashi da yatsa biyu ya kunna taba bai yi ko gezau ba. Sai kuma ƙamshin. Ko daga rafi ya fito da sabulu a kunne, in ya zauna a coci bencin zai riƙe ƙamshin kanumfari har wata Lahadin.

Aikin nasa ba ya bukatar wayo, haƙuri yake ci. A saro rassan kanumfari da ganyensu, a ɗauro su a ka zuwa bakin rafi inda alambika take, wato babbar tukunyar ƙarfen da ake turara ganyen. A cusa, a shiga a tattake da ƙafa, a rufe, a liƙe bakin murfin da laka. Daga nan sai wuta, yini guda da abin da ya biyo baya, ba ta yi yawa ba, ba ta yi kaɗan ba. Tururin ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi ya riƙa ɗigowa, man ya nutse ƙasan bokiti, don shi ba ya tasowa saman ruwa kamar sauran mai. Tukunya ɗaya ce ga ƙauyuka uku, bi da bi ake yi. Wanda ya bari ranarsa ta wuce, sai ya jira wata biyu.

Ubanmu ya bar mana itatuwan kanumfari arba'in a kan tudu. Kowa a nan ya san itacen da aka aske don mai ba zai yi furen kirki ba a shekarar, wani lokaci har shekarar gaba, kuma furen ne kanumfarin da ake busarwa a tabarma. Shi ya sa Tombozafy yake hura wa mutane wuta ya karɓi ɗan kasonsa na mai, nasa itatuwan kuwa sai shekara uku-uku yake sa musu adda. Har gori ake masa, wai yana lallaɓa su kamar surukai.

Matarsa ta zo ne a wata shekara da itatuwa suka yi fure har rassa suna karyewa. Hannu ya yi kaɗan, masu tsinka suka zo daga kudu mota-mota. Da aka gama kowa ya ɗaura kayansa ya koma, ita ba ta koma ba. Ba wanda ya san danginta, ba ta kuma taɓa ambaton sunan garinsu ba. Muka riƙa ce mata Vahiny, baƙuwa ke nan, har ta haifi 'yarsu ɗaya tilo, sai ta koma uwar Fenozara. Wata rana muna surfen shinkafa na tambaye ta sunan da uwarta ta raɗa mata. Ba ta ko tsayar da taɓarya ba.

"Wanne ne bai ishe ki ba a cikin biyun da kuka ba ni?"

Mako guda na yi ba na gaishe ta. Yayana ya san sunan, ta faɗa masa ranar da ya shigo da ita gida, ta kuma ce ya tsaya a tsakaninsu. Ya tsaya. Ko 'yar da suka haifa ba ta sani ba. A gaban mutane "ke" yake ce mata, ita ma "kai", haka har shekara ashirin da shida.

Abin kunya ne a gare mu, amma gaskiya ce: baƙuwar nan ce ta koya mana amfani da man da muka tashi a cikinsa. Mu a wurinmu abin sayarwa ne, a jarka muke ganinsa. Ita tana da 'yar kwalba mai ruwan ƙasa da take ratayewa can sama a jikin azara, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ɗigo biyu take zubawa a cokalin man kwakwa, ba ta ƙarawa ko wa ya zo. Mai ciwon haƙori ta jiƙa masa 'yar auduga ta tura a ramin haƙorin, ta hana ya taɓa dasashi, sannan ta gaya masa wannan na kwana biyu ne kafin ya kai kansa wurin mai cirewa. Tsofaffi ta murza musu a gwiwa. Lokacin sauro ta shafa mana a idon sawu. Takan ɗiga a tsumma ta jefa a akwatin tufafi saboda kwari. Amma ba ta ba mai ciki, ba ta sa wa jariri, ba ta sawa a buɗaɗɗen rauni, kuma ba ta yarda a sha. Na taɓa ganin ta kori wata mata har bakin hanya, don matar ta ce a ɗiga wa ɗanta a shayi saboda tsutsar ciki. Ni kuwa na sha ce mata marowaciya, mijinta yana kawo abu da jarka tana raba shi da tsinke. Takan ce in na ga abin da yake yi wa hannun mijin nata, in yi tunanin abin da zai yi wa hanjin yaro.

Zazzaɓi ne ya ɗauke ta, a tsakiyar damina, cikin kwana huɗu. Kogin Maningory ya cika, ba kwalekwalen da zai haye da mara lafiya. Na wanke ta, na naɗe ta, na dafa wa masu zaman makoki shinkafa. Na jira kuka ya zo mini bai zo ba. Tombozafy ma bai yi ba. Kwana tara bayan haka ranarsa ta tukunya ta zo, ya je ya hura wuta.

A gidanmu ba a ambaton sunan mamaci sai an ba shi rabonsa. Rabon kuwa bijimin sa ne, ana yanka shi a gaban dutsen kakanni. Mai riƙe da sandar gida ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ja gefe, wanda ya fi kusa da mamacin ya ɗora hannu a tozon san ya kira shi da sunansa na haihuwa sau uku, don ya san nasa ne, ya shigo ya zauna cikin mutanen gida. Wanda ba a kira ba yana nan a waje, kamar baƙon da ba a shimfiɗa wa tabarma ba. Wasu sukan yi shekara goma ba su yi wa nasu ba, ba wanda yake cewa komai, don matattunsu suna da dangi a can da za su riƙe su. Ita ba ta da kowa. Wannan ne ya tsaya wa yayana a rai: matar da ta yi zaman baƙunta da ranta, kada ta sake yin wani bayan ranta. Kuma duk duniyar da muka sani shi kaɗai ne yake riƙe da sunan.

Ba shi da sa, ba shi da abin sayensa. Sai ya ɗauki adda ya hau tudu. Shekarar farko ya aske rabin itatuwan, ta biyu ya aske sauran, ta uku ya koma kan na farkon tun ba su gama farfaɗowa ba. In ka ɗago kai daga ƙauye sai ka ga tudun kowa kore shar, namu kamar kan mai ƙwarƙwata da aka yi wa aski da almakashi. Bezara, ɗan wan babanmu wanda sandar gida take hannunsa, ya tare shi a hanya da dami a ka.

"Tombo, aski kake musu ko yanka?"

"Za su tsiro."

"Ubanka ya shuka su da hannunsa."

"Shi an ba shi nasa san," in ji yayana, ya wuce.

Goma sha ɗaya daga cikinsu ba su tsiro ba. Rabin itatuwan nan nawa ne, ban kuma ce masa uffan ba. Ba don kirki ba, ni ba a san ni da shi ba. Kawai na duba cikina ban sami abin faɗa ba.

Haƙorinsa ya fara ciwo ne a shekara ta biyu, matauni na ƙasa a gefen hagu. Ya sauko da kwalbar matarsa daga azara ya riƙa yin yadda ya ga tana yi, har abin da ta bari a haɗe ya ƙare. Bai haɗa wani ba. Man kwakwa sai an goge, an matse, an dafa, shi kuwa ga mai nan yana ɗigowa a gabansa kullum. Sai ya riƙa tsoma tsinken ciyawa a bokiti yana turawa a ramin, tsagwaronsa, ba gauraye. Da tsinke ya daina isa ya koma yatsa.

Na ce ya je garin Vavatenina a cire masa. Tafiyar rabin yini ce, da hayin kogi, kuma mai cirewar ba kullum take zama ba, mutum yana iya yin kwana uku yana jira. Ya ce in ya tafi wa zai riƙe masa ranarsa ta tukunya. Na ce ni.

"Ke? Wadda ta ƙona mana tukunya guda har mai alambika ya hana ki bin ta hanyar?"

"Shekara ashirin ke nan, Yaya."

"Ganye bai manta ba. Bari in sayi san tukuna, sai su cire duka in suna so. Ai ba ya ma ciwo."

Gaskiya ya faɗa, ba ya ciwo. Nan ne mugun halin man yake: yana kashe zafin ya bar cutar tana cin gabanta. Na taɓa sa shi ya buɗe baki a hasken rana. Dasashin wajen ya yi fari fat, yana saluɓewa kamar fatar tafasasshiyar madara, haƙorin kuwa baƙi ne, rabinsa ya tafi. Na zage shi iya zagi, na kira shi tsohon banza mai taurin kan jaki. Ya saurara har na gama, ya tambaye ni ko ina da sauran gishiri.

A shekara ta uku ya sayo san, ja mai farin goshi, da tozo har yana kwantawa gefe. Mai duba rana ya tsayar da wata Asabar a watan tara. Aka aika ko'ina. Fenozara ta zo daga Toamasina inda take sayar da zannuwa, da mijinta da buhun shinkafa biyu. Aka tara giyar rake, aka kafa rumfuna, tun ranar Alhamis baƙi suka fara sauka. Ranar Alhamis ɗin ce kuma kuncin yayana ya fara tasowa. Ran Juma'a ya kasa tauna shinkafa, sai romo. Safiyar Asabar fuskarsa ta karkace kamar ya ɓoye mangwaro a kumatu, bakin ba ya buɗuwa fiye da faɗin yatsa, kuma a karon farko na ga ciwon ya fi ƙarfin man. Yana tsaye gumi yana bin wuyansa alhali gari da sanyi.

Tsoronsa ɗaya ne, daga baya ya gaya mini: kada ya buɗe baki a gaban mutane zafi ya karya masa murya, sunan ya fito a gurguje. So yake ya fito sarai, a ji shi har bayan rumfa. Na zagaya bayan madafa ɗebo itace, sai na gan shi ya cika murfin jarka da mai ya juye a baki.

"Tofar, Yaya! Tofar da shi!"

Ya ɗaga mini hannu, wai in dakata. Ya riƙe shi a baki, idanunsa suna zubar da ruwa, yana karkata kai don ya kai ga haƙorin. Sai da na kai masa duka a baya sannan ya tofar. Na ruga na kawo man kwakwa na sa ya kurkure, sau uku, sau huɗu. Leɓɓansa sun riga sun yi fari. Ya taɓa kuncinsa da yatsa, ya gyaɗa mini kai alamar ya lafa, ya shiga ɗaki ya sa farar rigarsa.

Aka kayar da san a gaban dutse, kansa yana kallon gabas. Mutane sun fi ɗari biyu, maza a gefe, mata a gefe. Bezara ya zuba giya a ƙasa, ya ɗaga sanda ya kira kakanni tun daga wanda ya fara sare dajin nan har zuwa ubanmu da uwarmu, bai tsallake kowa ba. Ya ja gefe. Tombozafy ya matso, ya durƙusa, ya ɗora hannunsa a tozo.

Ya buɗe baki iya yadda zai buɗu. Ba abin da ya fito sai iska da yawu. Harshen ya kumbura ya cika bakin, ba ya motsi, shi kansa bai san inda yake ba. Ya haɗiye ya sake. Wani sauti ya fito daga maƙogwaro wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Yawu ya zubo a gaban farar rigar bai ji ba. Bezara ya sunkuya ya kai kunnensa har bakin, ya daɗe a haka, ya ɗago ya girgiza kai.

Aka kawo ruwan ɗumi da gishiri, aka kawo zuma. Wani malamin makaranta daga cikin baƙin da suka zo ya miƙo alƙalami da takarda, yayana ya dube su ya kawar da kai, don ko rana ɗaya bai taɓa zama a aji ba. Bezara ya juya wajen Fenozara. Ta juyo ta dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa.

Irin wannan yanka ba a yinsa bayan rana ta take tsaka. Muka zauna muna jira ko harshen zai dawo, inuwar dutsen tana ja da baya, san yana numfashi da ƙyar a cikin igiya. Yayana bai ɗauke hannunsa daga tozon ba, bayan kowane ɗan lokaci ya sake gwadawa. Daga ƙarshe Bezara ya zo inda nake ya yi ƙasa da murya.

"Kalo, inuwa ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafa. Mutane sun zo daga nesa, an riga an kira kakanni, suna tsaye. Ba a sallamar su hannu wofi."

Na ce ya yi abin da ya ga ya dace. Ya koma ya ɗora hannunsa a kan na Tombozafy, ya ɗaga murya ya ce, "Uwar Fenozara, ga rabonki," har sau uku. Aka sa wuƙa.

An ci nama an sha giya, an yi rawa har yamma. Kowa ya ce san ya yi kitse. A rumfar tsofaffi wasu suka ce ai ta san sunan 'yarta, za ta amsa. Wasu suka ce su dai ba su taɓa ganin an yi haka ba, suka ci gaba da cin abinci. Ni na yini ina raba shinkafa a ganyen ayaba, ina tuna wanda ya samu da wanda bai samu ba. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji haushi ba, ƙafafuna ne kawai suka yi ciwo. Yayana yana zaune a gindin dutse da tsumma a baki, mutane suna zuwa suna masa barka yana gyaɗa kai.

Ranar Litinin ni da mijin Fenozara muka kai shi Vavatenina, don kumburin ya fara gangarowa wuya. Kwana biyar ana masa allura kafin bakin ya buɗu. Cire haƙorin kansa bai kai lokacin da ake ɗauka a tafasa ruwan kofi ba. Matar da ta cire ta leƙa cikin bakin, ta ga yadda ya saluɓe har ganɗa, ta tambaya wa ya koya masa kurkure baki da wannan abu, ai ɗigo ake sawa, shi ma a gauraye. Na ce akwai wadda ta yi shekara ashirin da shida tana gaya masa haka.

Mu biyu muka dawo, surukin ya wuce Toamasina. Muka zauna a bakin kogi muna jiran mai kwalekwale, yana can tsallake yana lodin ayaba. Tun Asabar ɗin ban ji wata magana mai tsawo daga bakin yayana ba. Yana ta juya harshe a gurbin haƙorin. Can ya ce, a hankali, kalmomin suna fita da nauyi amma sarai:

"Kalo, an ba ta rabonta ko ba a ba ta ba?"

"Ban sani ba, Yaya."

"In an ba ta, ina iya faɗin sunan. In ba a ba ta ba, ba na iyawa."

"Na ce maka ban sani ba."

Ya kalli ruwa. Sai ya ɗora hannunsa a kan gwiwarsa, ya faɗi sunan sau uku, ba da ƙarfi ba, kamar mai kiran wanda yake ɗaki na kusa. Gajeren suna ne, ba shi da wuyar faɗa ko kaɗan, yaro mai koyon magana ma zai iya. Ba zan sa shi a nan ba, don har yau ban sani ba ko ya halatta a faɗe shi.

Muka saurara, ni ma ban san me muke saurare ba. Ya tambaye ni ko na ji da kyau. Na ce na ji.

"To, riƙe," ya ce. "Ni na gaji."